Rajistar da Na Goge

Kalgo,
16 ga Maris, 1998.

Zuwa ga iyalina, Malama Hadijatu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya Abu da Kubura? Da fatan tarin Kubura ya sake ta. Yaya makaranta da zafin nan da ya fara kankama? Ni ma nan lafiya lau, sai dai kewarku.

Abin da muka daɗe muna jin raɗe-raɗinsa ya tabbata. A farkon watan nan takarda ta zo daga hedkwata cewa an rufe ofishinmu na aikin noman rani, tunda masu tallafa masa sun cika wa'adinsu. An sallami ma'aikatan wucin gadi, sauran kuma an rarraba su wasu wurare. Ni kaɗai aka ce in zauna da mai gadi, saboda makullin sito yana hannuna, har sai an zo an kwashi kaya. Shekara bakwai ina ce miki ranar da aka rufe aikin nan zan dawo Gwandu gaba ɗaya. Ga shi an rufe, kuma ban dawo ba. Ki ƙara haƙuri, ba na jin zai wuce wata uku.

Ofis ya yi tsit. Da hantsi, lokacin da manoma kan cika baranda da hayaniya, yanzu sai kukan kurciya. Amma ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. A jerin kayan da aka ce sun gama amfani har da kwamfutocinmu guda huɗu. Jami'in da ya zo ya ce sun tsufa, an yi sababbi masu sauri, ba ma'aikatar da za ta karɓe su. Ya ce in haɗa su da tsofaffin tayoyi da matattun injinan ban ruwa in zuba a ramin bayan ofis.

Hadijatu, na kasa. Ina tuna ranar da aka kawo su cikin kwalaye, har mutane na tuɓe takalmi kafin su shiga ɗakin. Da hannuna na share musu ƙura shekara bakwai. Uku daga ciki in ka kunna su suna tashi garau. Yaya za a yi in binne abin da ke aiki, alhali a makarantarku akwai yaran da ba su taɓa ganin kwamfuta ba ko a hoto?

Sau uku ina zuwa Birnin Kebbi kafin a saurare ni. A na uku aka ba ni izini a rubuce in ba da su inda za su yi amfani, bisa sharaɗi ɗaya: a goge duk wani abu na ofis da ke cikinsu kafin su bar ɗakin. Na aika wa Malam Sule, mai gyaransu da kan zo mana daga Sakkwato. Ya ce zai cire kayan cikin matacciyar ya ƙara wa ukun lafiya.

Ga yadda na tsara. Ɗaya ta tafi ɗakin shan magani na Diggi, tunda suna da janareta. Ɗaya in bai wa Zulai, wadda ke aiki da su tun farko. Kin san ta, ita ce ta zo barkar Kubura. Tana cikin waɗanda aka sallama, ga marayu uku tun rasuwar mijinta. Tana so ta buɗe shagon buga takardu kusa da tasha. Babbar kuwa, wadda ta fi su duka lafiya, ita nake so ta zo makarantarku. Ki yi wa shugabarku magana. Abin da ake buƙata ɗaki mai ƙofa, wanda ba ya yoyo, da tebur mai ƙarfi, da wuta.

Ki ba Atiku direba amsa in zai dawo ranar Laraba. Ki gaida Inna ƙwarai, ki shafa min kan yara.

Naki har kullum,
Siddiƙu.

Kalgo,
20 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga Malama Hadijatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kuna nan lafiya kamar yadda na baro ku bayan salla. Yaya Inna? Yaya gajiyar hidima? Na iso lafiya, kuma soyayyen naman da kika ƙunsa min har yau da saura.

Har yanzu in na tuna bikin rabon kyaututtukan makarantarku sai in ji daɗi. Yadda aka yaye ƙyallen da aka lulluɓe kwamfutar, da yadda yarinyar nan 'yar aji shida ta buga sunanta, ta ga ya fito a fuskar na'urar ta yi tsalle da baya. Ba zan ɓoye miki ba, da aka kira sunana a lasifika, manyan gari suka tafa, kaina ya yi girma. Na hango ki kina sunkuyar da kai kina murmushi.

Ta Diggi ma ta isa. A amalanken shanu muka ƙarasa da ita, don motar ta kafe a yashi. Na rungume ta a cinya duk tsawon hanya. Ma'aikacin wurin ya ce zai riƙa shigar da sunayen mata masu zuwa awo da ranakun rigakafin yara, don littafinsu ya yayyage. Zulai kuwa ta buɗe shagonta. Ita ta samu mafi tsufa a cikinsu, tare da na'urar bugawa. Jiya na wuce na ga mutum uku a kan benci suna jiran a buga musu takardar neman aiki.

Akwai wata magana da ban faɗa miki ba da na zo, don ban so in ɓata mana salla. Mun ɗan sami saɓani da Zulai. Ranar da Malam Sule zai goge na'urorin, ta ce in dakata. A cikin babbar nan, wadda ke makarantarku yanzu, a nan rajistar manomanmu take: mutum ɗari uku da 'yan kai, kowa da gonarsa a fadama, da iyakokinta, da yadda ya same ta. Ita ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in ba ta mako guda, Malam Sule ya kawo mata faifai da takarda da zaren tawada daga Sakkwato, ta kwafe kome tukuna. A lokacin tawadar ta bushe, takarda ta ƙare, ba abin da za a iya bugawa.

Ranar Laraba ce, bikinku kuma Asabar, an riga an sa sunana a takardar gayyata. Na ce mata ba lokaci. Na ce ai duk abin da ke ciki daga fayil aka kwafo shi, fayilolin kuma suna ɗakin ciki na sito, ni na kulle su da hannuna. Ta sake cewa, “Malam Siddiƙu, mako ɗaya ne fa.” Na ɗaga mata murya a gaban baƙo, na ce ba ita ke da ofis ba, ita da aka ma sallama. Malam Sule ya dube ni, na ce ya ci gaba. Ko shan shayi ba mu gama ba ya ce an gama.

Maganar da na yaɓa mata ita ke damuna. Na je shagon na ba ta haƙuri, ta ce ba kome, ya wuce. Amma tun ranar gaisuwarta ta zama gajera. Ke mace ce, kin fi ni sanin yadda ake gyara irin wannan. In akwai abin da za ki aiko mata, ko turare ne, ki ba Atiku.

Ki ce wa Abu in na zo zan ga ko ya iya kunna ta da kansa. A gaida kowa.

Mijinki,
Siddiƙu.

Kalgo,
5 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga Hadijatu,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da Inna da yara. Yaya jikin Kubura bayan zazzaɓin nan? Yaya aka ji da ruwan bana? Na ji an ce katangar makwabta ta zube, Allah ya sa tamu ba ta taɓu ba. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Shi ya sa ban zo ranar Juma'a ba kamar yadda na alkawarta.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a baranda sai ga wani tsoho ya jingine kekensa. Baba Bawa Nagoggo ne, daga Wurogauri. Ba ki san shi ba, amma kin ci albasarsa, buhun da na kawo bara shi ya ba ni. Yana cikin manoman farko da suka shiga aikinmu.

Ga abin da ya kawo shi. Shekara shida da suka wuce sun yi musayar gona da amininsa, marigayi Usman. Usman na da fili a fadama, duk kwari da tudu, ga shi ƙarfinsa ya ƙare. Baba Bawa na da gonar tudu kusa da gari. Suka zo ofishinmu tare da mai garinsu, aka rubuta cewa sun yi musaya ta har abada, kowa ya dangwala yatsa. Baba Bawa ya shekara biyu yana baje filin nan da hannunsa da jakinsa. Aka haƙa masa rijiyar ban ruwa, ya dasa gwaiba a gefe. Yanzu babu irin gonarsa a duk yankin.

Usman ya rasu, mai garin da ya yi shaida ma ya rasu. Bana ɗan Usman, Isa, ya dawo daga kudu inda ya daɗe yana ƙwadago, ya ce shi abin da ya ji a bakin mahaifinsa aron juna suka yi, kowa zai karɓi nasa. Ya kai ƙara. Alƙali ya ce Baba Bawa ya kawo shaidar musaya.

Na ce masa wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauko makulli har ina yi masa wasa. Hadijatu, ɗakin cikin nan rabon da in buɗe shi ya fi shekara biyu, tunda kome muke nema a kwamfuta muke dubawa. Da na tura ƙofar sai da na sa kafaɗa. Gara ta gina gida tun daga ƙasa har saman kabad. Na ja fayil na farko, bangonsa ya biyo hannuna, cikinsa ƙasa ce zalla. Inda gara ta bari, yoyon rufi ya manne takardun sun zama dunƙule. Na wuni ina tonawa, ni da mai gadi. Ban sami ko shafi ɗaya na Wurogauri da za a iya karantawa ba.

Mai gadi ya ce ginin garar nan ba na bana ba ne. Kin ga ke nan ranar da na ce wa Zulai fayiloli na nan, sun riga sun tafi. Tsakanin inda na tsaya ina ɗaga mata murya da ƙofar ɗakin nan taku goma ne. Makullin yana aljihuna.

Baba Bawa na zaune a baranda duk wunin nan. Da na fito ya dubi rigata da ta yi jawur da ƙasa, ya ce, “Ɗana, bar wahal da kanka. Ni ban iya karatu ba, amma ina tsaye yarinyag ga ta ofishinku ta sa sunana cikin akwatin nan mai haske. Buɗe shi ka hiddo min.” Na ce akwatin ba ya nan. Ya ce, “Ya mutu?” Na ce a'a, yana Gwandu. Ya ce, “To, mu tahi Gwandu.”

Ban iya faɗa masa sauran ba. Na ce ya ba ni kwana goma.

Na aika wa Malam Sule. Ya ce wani lokaci akan iya dawo da abin da aka goge. Za mu zo ranar Asabar. Don Allah ki roƙi shugabarku a rufe ɗakin, kada kowa ya kunna ta kafin mu iso. Ki taya ni addu'a, ki ce Inna ma ta sa ni a tata, amma kada ki faɗa mata dalili.

Naki,
Siddiƙu.

Kalgo,
9 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga iyalina Hadijatu,

Bayan sallama, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Abu da Kubura. Na sami saƙonki da yajin da kika aiko, na gode, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ban rubuto ba, ba don na manta ba ne. Nakan ɗauki biro in ajiye.

Tun ranar da muka zo da Malam Sule na ga kin shiga damuwa, kuma a takardarki kin ce da kin sani da ba ki nema wa makarantarku ba. Ina so ki cire wannan daga ranki. Kin ji abin da ya ce: da an goge an ajiye ta, da ya dawo da rajistar, amma wata shida yara na rubutu a cikinta, sabon rubutu ya hau kan tsohon ya danne shi. Sunayen ɗalibanki da jimlolinsu su ne suka kwanta a kan gonakin mutane. To, ai don su yi rubutun na kawo ta. Ba laifinsu, ba naki. Ki buɗe ɗakin, a ci gaba da darasi.

Na je Diggi ma, ko Allah ya sa wani abu ya maƙale a tasu. Babu. Ta Zulai ma babu. Da na faɗa mata abin da ya faru, na shirya jin kowace irin magana. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai rufe fuska da mayafi ta yi kuka, ta ce tana tuna layin sunan Baba Bawa, har tana tuna ta yi kuskure wajen buga Nagoggo ta gyara.

Daga nan na hau babur na tafi Wurogauri. Na sami Baba Bawa a gonar yana gyaran kwamin albasa. Na durƙusa na faɗa masa kome, har maganar bikin da takardar gayyata, ban rage ba. Ya dakata da aikin. Sannan ya ce, “Kai da kanka ka shahe shi?” Na ce ni na ba da umarni. Ya ce, “Don su tafa maka?” Na ce e. Ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya har rana ta take, ban san ko in tafi ko in zauna ba. Da na juya zan tafi ya kira ni ya ce in sha ruwa tukuna, hanya da nisa.

An zauna shari'a ranar Alhamis. Isa ya kawo dattawa biyu suka shaida asalin filin na mahaifinsa ne, wanda ba mai musun haka. Ni da Zulai muka tsaya wa Baba Bawa. Alƙali ya tambaye mu ko muna wurin lokacin da aka ƙulla musayar. Gaskiya ba ma nan. Jami'in filaye ne ya rubuta musu, shi kuma ya koma garinsu, an ce ya rasu. Mu rubutu kawai muka gani. Ya ce ina rubutun? Na ce na takarda gara ta ci, na na'ura kuma ni na sa aka goge. Ya sa na maimaita don magatakarda ya rubuta. Kotu cike take da manomanmu, mutanen da suka shekara bakwai suna kirana Malam. Na maimaita.

Isa ya yi rantsuwa cewa bai san da wata musaya ba sai aro. Kuma Hadijatu, na yarda bai sani ba. Ba mugun mutum ba ne, yana da iyali, abin da ya ji shi ya riƙe. Alƙali ma ba shi da abin da zai kama. Aka yanke kowa ya koma gonarsa ta asali. An bar wa Baba Bawa ya cire albasar da ya riga ya dasa, daga nan ya fita. Gonar tudun da aka mayar masa yashi ce, sai da damina take ba da ɗan gero. Mutum mai shekara saba'in, da jikoki biyar a gabansa.

A bakin kotu wasu suka kewaye ni, kowa na tambaya, to mu fa? Namu ma ya tafi? Na ce ya tafi. Wani ya tofar da yawu ya wuce. Ban ga laifinsa ba.

Takardar canjin wurin aikina ta fito, an mayar da ni kusa da gida kamar yadda muka daɗe muna roƙo. Ga ta nan a aljihuna kwana huɗu, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Akwai abin da nake tunani, amma sai na yi shawara da ke. Zan zo ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Ki gaida Inna. Ki yafe min dogon shiru.

Mijinki,
Siddiƙu.

Kalgo,
14 ga Disamba, 1998.

Zuwa ga abokiyar zamana, Malama Hadijatu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya Inna da ƙafa? Yaya shirin azumi? Na ji Abu ya zo na uku a jarrabawa, ki ce masa na yi murna ƙwarai. Ni lafiya, sai dai na yi baƙi na rame, kada ki tsorata in kin gan ni.

Da farko ina ƙara gode miki. Da na ce miki ina so in nemi a ɗaga min komawa gida har in sake rubuta rajistar nan, na ga idonki ya kawo ruwa, amma kika ce in je in yi. Na san abin da na ɗora miki. Allah ya biya ki.

An ba ni wata huɗu. Mun fara da Wurogauri mako uku da suka wuce. Sabon mai gari ya sa an yi shela. Kullum da sassafe nakan shiga fadama da littafi da igiyar awo. Mai gona ya tsaya, makwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya, a nuna iyaka kowa ya yarda, a faɗi yadda aka same ta, gado ko saye ko musaya ko aro, sannan kowa ya dangwala yatsa. Washegari in kai wa Zulai ta shigar a tsohuwar na'urarta, ta buga kofi uku: ɗaya na mai gona, ɗaya na mai gari, ɗaya a kai kotu a ajiye. Ta ware wa aikin nan duk safiyarta, masu neman a buga musu takarda sai bayan azahar. Ban roƙe ta ba, ita ta ce haka za a yi.

Aikin ba ya sauri. Ruwan bana ya shafe iyakoki da yawa, kuma mutane ba su yarda da ni kamar da ba. Kwana biyun farko gona huɗu kacal muka yi, sauran duk gardama. A rana ta uku ina tsaye tsakanin mutum biyu suna nuna wa juna yatsa, sai ga Baba Bawa da sandarsa. Bai gaishe ni ba. Ya wuce ya caka sandar a wani wuri ya ce nan ne, akwai kututturen giyayya a ƙasa, a tona. Aka tona, ga kututture. Tun ranar kullum shi ke gaba ina binsa. Ya san fadamar nan taku-taku, ya san wanda ya gada da wanda ya ara, kuma in ya yi magana ba mai musu. Mun yi gona saba'in da ɗaya. Ba ma hira. In rana ta yi zafi yakan miƙo min gorar ruwansa ba tare da ya dube ni ba.

Ranar Asabar layi ya kawo mu gonar da kotu ta raba Baba Bawa da ita. Na so in tsallake ta in dawo wata rana ni kaɗai, amma ya riga ni shiga. Albasarsa ta yi kyau, ganye shar, saura 'yan makonni a cire. Isa na tsaye a gefe, ya kasa haɗa ido da kowa. Na buɗe littafi na riƙe biro, hannuna ya ƙi motsi.

Baba Bawa ya ce, “Mi kake jira? Rubuta Isa.” Sannan ya bi iyakar da ƙafarsa, tun daga gwaibar da ya dasa har bakin hanyar ruwa, yana nuna min. Akwai wani lungu ta kudu da shi ya cike da ƙasa da hannunsa, wanda Isa bai ma san yana cikin gonar ba. Ya ce in sa har da shi. Ya ce, “Rubuta da kyau, kak ka rage mai ko taki guda. Ba ni son ɗiyanai su tsaya gaban alƙali ba takarda.” Da aka zo dangwala yatsa a matsayin shaida, shi ya fara miƙo nasa. Isa ya juya baya yana share fuska da hularsa.

Jiya na kai wa Zulai littafin. Da ta iso shafin ta tsaya, ta dube ni, ta ce in fita in sha iska ita za ta shigar. Na ce a'a, ta tashi ta ba ni kujerar. Kin san ban iya bugu ba, da yatsa biyu nake yi. Na buga sunan Isa ɗan Usman, na buga iyakokin yadda tsohon ya nuna, har da lungun kudu. A gurbin yadda aka samu na buga: hukuncin kotu. Na karanta sau uku, babu kuskure. Na'urar ta fitar da kofi uku, na sa hannu a kowanne.

Saura gona fiye da ɗari biyu, ciki har da na manoman Diggi da ba mu ma fara ba. Azumin bana a nan zai same ni. In kin tashi aiko min da kaya, ki sa gero da dabino su ɗan fi na bara yawa, akwai gidan da nake so in kai a Wurogauri. Ban sani ba ko zai karɓa.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman albarkarta. Ki rungume min Abu da Kubura. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Siddiƙu Tambari.